Daga Ƙofar Ran Zuwa Bulunkutu: Tarihin Yaron Da Aka Ɗora Wa Bindiga

Duk wanda ya taɓa zuwa Bauci ziyara, da wuya a ce ya bar garin ba a kai shi wajen Ƙofar Ran ba, domin a nan ne kabarin marigayi Alhaji Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa yake, Allah ya jiƙansa. Galibin masu ziyara abin da suke tunawa shi ne Firayim Minista, da kisan da aka yi masa cikin watan Janairu na 1966. Kaɗan ne ke tuna cewa tun yana malamin makaranta, a 1934, ya rubuta ɗan littafin nan Shaihu Umar, wanda labari ne na yaron da aka sace yana ƙarami, aka yi ta miƙa shi daga wannan hannu zuwa wancan har aka ƙetare hamada da shi, uwarsa kuma ta bi sawu tana cigiya har ƙarfinta ya ƙare. Sa'ad da aka buga littafin an ɗauka labarin zamanin da ya wuce ne, wanda ba zai sake dawowa ba. To, shekara 80 cif bayan haka, watau a 2014, aka kwashe 'yan mata 276 daga makarantar Cibok, aka kuma tsare yara aƙalla 300 a wata firamare a Damasak, daga baya aka yi gaba da su. Iyayensu mata suka shiga irin cigiyar da uwar Umar ta yi.

'Yan'uwa mazauna zango, wani zai ce mu da muke nesa da gida me ya haɗa mu da wannan zance. Abu biyu ne. Na farko, da yawanmu har gobe muna tura 'ya'yanmu Arewa karatu, wasu allo wasu boko, muna aika ɗan abin da ya samu, amma ba ma ganin inda suke kwana. Na biyu, duk ran da wuta ta tashi a can, mu ne nan ake fara tsayarwa a shingen bincike ana zazzage mana buhu. Saboda haka ya kamata mu san yadda abin ya faro, da kuma irin maganin da hukuma ta riƙa yi masa.

Bari mu fara da ita kanta ganuwar da Ƙofar Ran ke jikinta. Wanda ya kafa garin wajen 1809, watau Malam Yakubu, shi ma yaro ne da aka tura karatu. Bisa ga tarihin da ake bayarwa a masarautar, mahaifinsa ne ya damƙa shi ga wani malami mai suna Isiyaku, ta hannun wannan malami kuma ya kai ga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a Degel. Ya daɗe yana karatu, sai da ya zama cikakken mutum sa'an nan ya karɓi tuta, ya yi sarauta har 1845. Na kawo wannan ne don kada wani ya ce tura yaro karatu shi ne tushen masifa. Hanyar da ta fitar da Yakubun Bauci ke nan. Malaman wancan zamani kuma sun san iyakar da shari'a ta yanka. Sun san an mai da Abdullahi ɗan Umar gida ranar Uhudu saboda shekarunsa 14, ba a bar shi ya fita ba sai a yaƙin Gwalalo yana da 15, kuma da wannan ne Halifa Umar ɗan Abdul'azizu ya raba tsakanin yaro da babba a rajistar mayaƙa. Abin sha'awa, kotun duniya ta manyan laifuffuka da aka rattaba hannu kan dokarta a Rum a 1998, ita ma a kan shekara 15 ta tsaya: wanda duk ya sa yaron da bai kai haka ba cikin yaƙi ya yi laifin yaƙi.

Ba wai a da can ba a taɓa yara ba. An taɓa su, ta hanyar bauta. Rabe, wanda ya fito daga Sudan ya ci Barno a 1893, ya ƙone Kukawa ya zauna a Dikwa, da samarin da yake kamawa a hanya yake cike gurbin mayaƙansa, har ranar da Faransawa suka kashe shi a Kusuri ran 22 ga Afrilu 1900. Wanda ya kalli taswirar inda Rabe ya yi ta'asa, ya kalli ta inda Boko Haram ta yi tata, zai ga kusan wuri guda ne: Dikwa, Gamboru, Kusuri, bakin tafkin Cadi. Wuri ne da ƙasashe huɗu suka haɗa iyaka, wanda ikon kowace hukuma ke isa can a gajiye.

Amma darasin farko na zamaninmu a Kano aka ba da shi. Muhammadu Marwa, wanda aka fi sani da Maitatsine, mutumin arewacin Kamaru ne. Sarkin Kano Muhammadu Sanusi ya sa an kore shi a 1962, bayan 'yan shekaru ya dawo ya kafa sansani a 'Yan Awaki. Abin tambaya shi ne, ina ya sami dubban mabiya? A nan sai mun dubi abin da ya sami karatun allo a tsakanin waɗannan shekaru. A da, almajirci tafiyar rani ce. In an gama girbi malam ya ɗebi yaransa su shiga birni, unguwa ta ciyar da su, gardawa su yi ɗinkin hula ko dako ko aikin gini, da damina a koma gona. Sai farin 1973 ya zo ya cinye gonar da ake komawa. Sai kuɗin man fetur ya zo ya tsuga tsadar abinci a birni, mai gidan da a da yake ajiye ƙwaryar almajiri ya kewaye gidansa da katanga ya sa ƙyauren ƙarfe. Yaro ya zo birni ba ranar komawa, ba kuma mai nemansa. Wani Ba'amurke mai bincike, Paul Lubeck, wanda ya zauna a Kano, ya yi dogon bayani a kan wannan hali da gardawa suka shiga. Mutanen Marwa kuwa a tashar mota da tashar jirgin ƙasa suke tsayawa suna tarbar baƙin yara. Abin da ake fara ba yaro shi ne tuwo da wurin kwana. Wa'azin tsine wa mai agogo da mai keke da mai rediyo daga baya yake zuwa, kuma ba shi da wuyar shiga kunnen wanda ba shi da ko ɗaya daga cikinsu.

Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi ya rubuta wa Marwa takarda a ƙarshen Nuwamba 1980 cewa ya tashi. Ran 18 ga Disamba aka yi arangama da 'yan sanda a filin Shahuci, 'yan sanda suka sha kashi, abin ya ɗauki kwana goma sha ɗaya sai da Shugaba Shehu Shagari ya tura soja da manyan bindigogi. Kwamitin bincike na Mai Shari'a Anthony Aniagolu ya ƙidaya mamata 4,177. Waɗanda suka tsira suka watsu, wutar ta sake tashi a Bulunkutu ta Maiduguri da kuma Kaduna cikin Oktoba 1982, ta tashi a Jimeta a farkon 1984 ƙarƙashin Musa Makaniki, ta ƙare a Pantami ta Gombe cikin Afrilu 1985, inda fiye da mutum 100 suka mutu. Mai karatu ya tuna, a lokacin Gombe tana cikin Jihar Bauci, ba a yanke ta ba sai 1996. Ya kuma riƙe sunan Bulunkutu, za mu sake haɗuwa da shi.

To me hukuma ta koya? Abin da ta fi riƙewa shi ne Marwa baƙo ne. Alhali kuwa mafi yawan waɗanda aka kama a Kano 'yan Nijeriya ne, 'ya'yan ƙauyukanmu. Ran 17 ga Janairu 1983 Ministan Harkokin Cikin Gida Alhaji Ali Baba ya ba baƙin da ba su da takardu mako biyu su bar ƙasar, mutum wajen miliyan biyu suka fita, rabinsu 'yan Gana. Babban dalili karyewar kuɗin mai ne, amma an kafa hujja har da rikicin Maitatsine. Dattawanmu da suka ga korar baƙi ta Gana a 1969 sun san ɗacin irin wannan rana, ba sai an ba su labari ba. Gwamnatin Janar Buhari kuma ta rufe iyakoki a Afrilu 1984, ba a buɗe ba sai Maris 1986. An hana wa'azi a fili sai da izni, an yi ta kafa kwamitoci a kan almajirai. Yaron da ke tsaye a tashar mota da ƙoƙo a hannu dai yana nan inda yake, aka kuma ƙara masa da farin 1984 da tsarin tsuke bakin aljihu na 1986.

A daidai wannan lokaci gidan maƙwabci yana cin wuta. Yaƙin basasar Cadi ya kai intaha a 1979, har Nijeriya ta tara shugabannin ɓangarorin a Kano cikin watan Maris na shekarar, aka yi yarjejeniya, ta tura sojan kiyaye zaman lafiya, ba a je ko'ina ba aka watse. Hissène Habré ya ƙwace Injamena a Yuni 1982. A 1983 sojan Cadi da na Nijeriya suka gwabza a kan tsibiran tafki. Idris Deby ya kori Habré a Disamba 1990. Kowane juyi daga cikin waɗannan yana barin ɗaruruwan mayaƙa ba albashi, da bindiga a hannu, kuma da yawansu tun suna yara suka fara riƙe ta, ba su san wata sana'a ba. Direbobinmu da suka yi zirga-zirga tsakanin Bauci da Maiduguri a shekarun 1990 ba za su manta da 'yan kwanta-kwanta ba. Saboda su ne gwamnatin Janar Abaca ta kafa rundunar tsaron iyaka a yankin tafkin Cadi a 1994, aka shigo da Cadi da Nijar cikinta a 1998, hedkwata a Baga. Shi kansa tafkin, wanda a shekarun 1960 ya kai murabba'in kilomita 25,000, kafin tsakiyar shekarun 1980 ya koma bai fi kashi ɗaya cikin goma na haka ba. Masunci da makiyayi da manomi suka taru a kan ɗan abin da ya rage.

Sojanmu kuwa sun ga yaro mai bindiga da idonsu tun kafin ya bayyana a gida. Charles Taylor ya shiga Laberiya ran 24 ga Disamba 1989, yana da runduna sukutum ta ƙananan yara. Foday Sankoh ya yi irin haka a Saliyo daga 1991, ana ɗura wa yara ƙwaya ana sa su sare hannuwan mutane. Dakarun ECOMOG, waɗanda galibinsu 'yan Nijeriya ne, da waɗannan yara suka yi ta fama tun daga Agusta 1990. Duniya ta tashi tsaye: rahoton Graça Machel a 1996, sai ƙarin yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2000 wadda ta hana ƙungiyoyin tawaye ɗaukar duk wanda bai kai 18 ba. Nijeriya ba ta kammala amincewa da ita ba sai Satumba 2012. Shi kuwa Taylor, bayan zaman mafaka a Kalaba, a Gamboru aka cafke shi cikin Maris 2006 yana neman tsallakawa Kamaru, a 2012 kotu ta yanke masa shekara 50, cikin laifuffukansa har da sa yara yaƙi. Mu a lokacin kallon abin muke yi kamar wasan kwaikwayo na wata duniya.

Ashe muna renon namu. Da siyasa ta dawo a 1999, kusan kowace jiha ta sami nata samarin: sara-suka a Bauci, kalare a Gombe, 'yan daba a Kano, a Barno kuwa, don tsabar rashin kunya, ECOMOG aka sa musu suna. Yaro ɗan shekara 15 a ba shi adda da ƙwaya da 'yar naira ɗari biyar ya bi motar ɗan takara. An ci zaɓe a watsar da shi. Ni a ganina wannan ita ce makarantar da ta koya wa yaran birni cewa ƙarfe yana kawo abinci, kuma ba wani malamin tsangaya da ya buɗe ta. Masu manyan riguna ne suka buɗe ta.

Yanzu sai mu dawo Bauci, domin abin da mutane da yawa suka manta shi ne, harbin farko na tarzomar 2009 ba a Maiduguri aka yi shi ba. Gaskiya ne tsamin ya faro daga can, ran 11 ga Yuni, lokacin da jami'an rundunar Operation Flush suka harbi mabiyan Muhammad Yusuf a kan hanyar maƙabarta, a kan rigimar hular kwano, mutum 17 suka ji rauni. Amma da asubahin Lahadi 26 ga Yuli, ofishin 'yan sanda na Dutsen Tanshi a cikin garin Bauci aka fara far wa. Jami'an tsaro suka mai da martani a matsugunin 'yan ƙungiyar, kafin rana ta faɗi an kashe mutum gommai, Gwamna Isa Yuguda ya sa dokar hana fita. Kashegari wutar ta kama a Maiduguri da Fataskum da Damaturu da Wudil. Cikin kwana biyar mutum fiye da 800 suka mutu. Ran 30 ga wata soja suka kama Muhammad Yusuf da ransa suka miƙa wa 'yan sanda, kafin dare ya zama gawa, ba alƙali ba shari'a. Haka aka yi wa surukinsa Baba Fugu da tsohon kwamishina Buji Foi. Aka ce an gama da su. Ba wanda ya tsaya ya ƙirga marayun da aka bari, ko ya tambayi wa zai rene su, da kuma abin da za a riƙa faɗa musu game da mutuwar iyayensu.

Wata biyar bayan haka Bauci ta sake ganin wani abin, wanda shi ya fi kusa da zancenmu. Ran 28 ga Disamba 2009 rikici ya ɓarke a unguwar Zango tsakanin 'yan ƙala-ƙato mabiyan wani Malam Badamasi da jami'an tsaro. 'Yan sanda suka ce mutum 38 ne suka mutu, har da shi malamin. Ma'aikatan agaji na Red Cross suka ce da yawa daga cikin gawarwakin na yara ne. Ko an sa su gaba ne, ko kuwa suna zaune ne kurum a inda iyayensu suka ajiye su, harsashi bai tambaya ba. Labarin bai yi mako guda a jaridu ba ya ɓace.

Sai ran 7 ga Satumba 2010, ana cikin goman ƙarshe na azumi, 'yan bindiga suka fasa gidan yarin Bauci da ke tsakiyar gari, fursuna 721 suka fita, fiye da 100 daga cikinsu 'yan ƙungiyar ne da ke jiran shari'a tun 2009. Daga wannan dare ne Boko Haram ta Abubakar Shekau ta fito fili. Ran 29 ga Mayu 2011 bam ya tashi a kasuwar barikin Shadawanka. A wannan shekara kuma gwamnatin Gaddafi ta faɗi, rumbunan makaman Libiya suka buɗe, arewacin Mali ya faɗa hannun 'yan tawaye a 2012, hanyar hamada da Umar na cikin littafi ya bi ta zama hanyar bindiga.

Ta yaya yara suka shiga? A nan ne nake roƙon mai karatu ya yi haƙuri da ni, domin amsar da aka saba bayarwa, watau "ai almajirai ne", ta yi sauƙi da yawa. Waɗanda suka yi hijira zuwa Kanamma ta Jihar Yobe a 2003, cikinsu har da 'yan jami'a da 'ya'yan masu hali. Hannah Hoechner, wadda ta yi shekaru tana bincike cikin almajiran Kano, ta nuna cewa zargin da ake yi musu ya fi hujjar da ake da ita yawa. Ƙungiyar Mercy Corps ta tattauna da tsofaffin 'yan ƙungiyar su 47, ta fitar da rahoto a 2016, ta tarar ba su da kama ɗaya: akwai mai allo, akwai mai boko, akwai mai sana'a. Da yawa aboki ne ko ɗan'uwa ya ja su. Wasu kuma jari aka ba su. A ba saurayi rancen kuɗi ya buɗe shago ko ya sayi babur, ran da ya kasa biya a ce to ya zo ya biya da jikinsa. Tun daga 2013 kuwa, da ƙungiyar ta koma daji ta fara cin garuruwa, sai sata ta zama babbar hanya. A shiga ƙauye a kashe manya, a kora yara gaba. Ƙanana su yi kiwo da ɗiban ruwa da leƙen asiri, masu ɗan tsawo a koya musu harbi, 'yan mata a ɗaura musu auren dole. Akwai kuma waɗanda iyayensu da kansu suka kai su, wannan ita ce mafi ciwo. Yarinyar nan 'yar shekara 13 da ta ƙi tayar da bam ɗin da aka ɗaura mata a Kantin Kwari ta Kano ran 10 ga Disamba 2014, ta faɗa wa 'yan jarida cewa mahaifinta ne ya miƙa ta.

Asusun yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNICEF, ya ƙirga yaran da aka ɗaura wa bam a ƙasashe huɗu na yankin tafki: 4 a 2014, 56 a 2015, 30 a 2016. A Nijeriya kaɗai, daga Janairu zuwa Agusta 2017, yara 83, 55 daga cikinsu mata, har da jaririn da aka goya wa wata yarinya don kada a zarge ta. A 2022 asusun ya ce yaran da aka sa cikin wannan yaƙi tun 2009 sun kai aƙalla 8,000. Ban san wata dabarar yaƙi da ta ɓata zumunci kamar wannan ba. Ta kai ga in yarinya mai hijabi ta tunkaro kasuwa sai a dare, a ƙasar da a da yaron kowa na kowa ne.

Ɗaya ɓangaren ma bai tsira ba. Bayan dokar ta-ɓaci ta 14 ga Mayu 2013 a Barno da Yobe da Adamawa, samarin Maiduguri suka tashi da sanduna, aka sa musu suna 'yan kato da gora. Ba mai musun cewa su ne suka kori Boko Haram daga cikin birnin, da yawansu kuma sun ba da rayukansu. Amma cikinsu akwai yara masu tsaron shinge da bincikar fasinja da kai rahoto, har a 2016 Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa sunan ƙungiyar cikin jerin masu amfani da yara. Abin yabo a nan shi ne ba su tsaya musu ba. Ran 15 ga Satumba 2017 suka sa hannu a kan shirin gyara, suka sallami yara 833 a Oktoba 2018, da wasu 894 a Mayu 2019, a 2021 aka cire sunansu. A duk tarihin nan da muke bi, wannan ne wuri guda da aka ce za a yi, aka kuma yi.

Ita kuwa hukuma, idonta ya fi tsayawa a kan yaron a matsayin abokin gaba. Human Rights Watch ta kawo alƙaluman Majalisar Ɗinkin Duniya a rahotonta na Satumba 2019, cewa daga Janairu 2013 zuwa Maris 2019 soja sun tsare yara fiye da 3,600, cikinsu mata 1,617, galibi a barikin Giwa, wasu wata da watanni ba a kai su gaban alƙali ba. Rundunar soja ta musanta. Amma ka duba lamarin yaron da aka sato daga ƙauyensu yana ɗan shekara 11, ya sami sa'a ya gudo, ya faɗa hannun waɗanda ya ɗauka masu ceto ne, su kuma suka kulle shi. Labarinsa yana komawa daji, kuma ba abin da kwamandojin daji suke so irin wannan labari, don da shi suke tsorata sauran kada su gudu. Irin wannan ido ne ya kai ga tare 'yan Arewa 486 a Jihar Abiya cikin Yuni 2014, suna cikin motocin haya za su Fatakwal neman abinci, aka tsare su a bariki, daga baya aka saki mafi yawansu.

Takardu dai an rubuta su. Dokar yaƙi da ta'addanci ta 2011, da gyaranta na 2013, da sabuwarta ta 2022. Kundin manufar tsaron ƙasa na 2014 da na 2019. An farfaɗo da rundunar ƙasashen tafkin Cadi a 2015, bayan Baga ta faɗi ran 3 ga Janairu, aka mai da hedkwatar Injamena. An buɗe sansanin gyaran hali na tubabbun mayaƙa a Malam Sidi ta Jihar Gombe. Shugaba Jonathan ya buɗe makarantar almajirai ta zamani a Gagi ta Sakkwato cikin Afrilu 2012, aka gina irinta fiye da 150, da yawansu suka koma kufai saboda ba a tanadi kuɗin abinci da albashin malamai ba. Da annobar korona ta zo a 2020 gwamnonin Arewa suka loda almajirai a manyan motoci kowa ya mai da na wani jiharsu, kai ka ce kayan da aka aiko bisa kuskure ne. Dokar kare haƙƙin yara ta tarayya tun 2003 take, amma Bauci na cikin na ƙarshe-ƙarshe da suka yi tasu, bayan shekara 20. A 2023 aka kafa hukumar kula da almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta.

Takardar da ta fi taɓa yaron kai tsaye ita ce ta 30 ga Satumba 2022, wadda gwamnatin tarayya ta sa wa hannu da Majalisar Ɗinkin Duniya, cewa duk yaron da soja suka ci karo da shi a fagen fama za a miƙa shi ga hukumar farar hula cikin kwana bakwai. A Barno, cibiyar da ta karɓi dubban irin waɗannan yara tana Bulunkutu, unguwar nan da mabiyan Maitatsine suka yi ɓarna a 1982. Shekara 40 ke nan tsakanin harbin yaro a Bulunkutu da yarda a rubuce cewa a kai shi can a ba shi tabarma da abinci a nemo danginsa.

Sai dai yankin bai tsaya jiran takarda ba. Shekau ya mutu a Mayu 2021, dubun dubatar mutane suka fito daga daji suka miƙa wuya, mafi yawansu mata da yara, wasu a dajin aka haife su, ba su taɓa ganin aji ba. A Arewa maso yamma 'yan bindigar daji suka ɗauki sana'ar kwasar 'yan makaranta, Ƙanƙara a Disamba 2020, Jangebe a Fabrairu 2021, Kuriga a Maris 2024, waɗanda suka kuɓuto kuma suna ba da labarin masu gadinsu da ba su girme su ba. Soja suka yi juyin mulki a Nijar ran 26 ga Yuli 2023, dangantaka ta yi tsami, a Maris 2025 Nijar ta ba da sanarwar ficewa daga rundunar tafkin Cadi.

Ran 1 ga Nuwamba 2024 aka gurfanar da mutum 76 a babbar kotun tarayya ta Abuja, waɗanda aka kama a zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agusta, galibinsu daga Kano da Kaduna. Kimanin 30 daga cikinsu yara ne. Ba bindiga aka kama su da ita ba, amma tuhumar har da cin amanar ƙasa. Sun yi wajen wata uku a tsare. Huɗu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali, aka sa belin kowannensu naira miliyan 10. Sai da hotunan suka zagaya duniya, bayan kwana uku, Shugaba Tinubu ya ba da umurnin a sake su a mai da su wurin iyayensu.